Waiwaye: Nicodemus, garin da jirgi ya ƙi biyowa

A ƙidayar jama'ar Amurka ta shekarar 2020, mutum 14 aka samu a garin Nicodemus na jihar Kansas. Ba gida 14 ba, mutum 14, galibinsu kuma waɗanda furfura ta riga ta kama. Mai mota da ya biyo babbar hanya mai lamba 24 zai iya shiga garin ya fita bai gama gyara zama ba: tankin ruwa a sama, tsofaffin coci-coci, wani zaure na farin dutse, 'yan gidaje jefi-jefi, sai gonakin alkama da dawa iyakar ganin ido. Amma wannan ɗan ƙauye shi ne ake ƙirgawa a matsayin mafi daɗewa cikin garuruwan da baƙar fata suka sara da hannunsu a yammacin kogin Misisifi bayan an 'yanta bayi, kuma cikin tsararrakinsa na wancan zamani shi ne ya rage da sauran numfashi. Shi ya sa na ga ya cancanci waiwaye.

Kafin a yi maganar mutanen, sai an yi maganar ƙasar, domin ita ce ta yanke rabin hukuncin tun ba su iso ba. Nicodemus yana arewa maso yammacin Kansas, a gundumar Graham, a gefen arewa na reshen kudu na kogin Solomon. Fili ne fetal, tudu-tudu marasa tsayi, kimanin mita 600 sama da teku. Itatuwa sai a bakin rafi. Sauran duk gajeriyar ciyawa ce mai saiwa a cukurkuɗe, wadda ɓaunayen Amurka suka yi dubban shekaru suna kiwo a kanta. Daga yamma, duwatsun Rocky suna tare damshin da ke tasowa daga tekun Fasifik. Daga kudu, damshin mashigin tekun Meziko yakan karkata gabas, ya bar wannan yanki da ragowa. Ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 550 zuwa 600 ba, wato tsakanin abin da manomin Maraɗi da na Katsina suka saba gani, sai dai can wani ɓangarensa dusar ƙanƙara ce, kuma ba shi da alkawari: bana a yi ambaliya, baɗi a yi ta kallon sama. Da rani zafi kan haura digiri 38, da hunturu ruwa ya daskare a cikin bokiti. Iska kuwa ba ta da ranar hutu.

Masu taswira suna da wani layi da suke ja daga arewa zuwa kudu, layi na 100 yamma da Landan, kuma tun a ƙarni na 19 aka lura cewa kusan nan ne iyakar noman da ke dogara da ruwan sama kaɗai. Nicodemus yana dab da wannan layi. A shekarar 1878, wani masanin ƙasa na gwamnati mai suna John Wesley Powell ya miƙa wa majalisar dokoki rahoto cewa daga nan zuwa yamma ƙaramar gona ba za ta riƙe iyali ba, mai kiwo sai ya samu eka 2,560 kafin a ce ya tsaya da ƙafarsa. Ba a saurare shi ba. Abin da ya fi daɗin ji a lokacin shi ne maganar dillalan filaye da wasu malaman jami'a, masu cewa wai ruwan sama yana bin garma, da zarar an kafta ƙasa an shuka, hadari zai saba da wurin. An yi sa'a, ko kuma rashin sa'a, wasu shekarun farko sun zo da damina mai kyau, sai ƙarya ta yi kama da gaskiya.

Dokar da ta buɗe filin ita ce dokar mallakar gona ta 1862, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu. Ma'aunan gwamnati sun riga sun yanka ƙasar kamar allon dara: kowane murabba'i mil ɗaya eka 640, a raba shi huɗu a samu eka 160, kimanin hekta 65. Wanda ya je ofishin filaye ya biya 'yan daloli na rajista, ya gina matsuguni, ya noma, ya zauna shekara biyar bai tashi ba, za a ba shi takardar mallaka, gonar ta zama tasa da 'ya'yansa. Ga wanda aka haifa a matsayin dukiyar wani, wanda aka taɓa rubuta sunansa a jerin kaya tare da alfadarai, ka iya ƙiyasta abin da wannan takarda take nufi.

Yawancin waɗanda suka sari Nicodemus daga tsakiyar jihar Kentaki suka fito, wajen Lexington da Georgetown, ƙasar dawakai da taba da korayen makiyaya. Kentaki ba ta ɓalle daga tarayya ba lokacin yaƙin basasa, saboda haka sanarwar 'yanta bayi ta 1863 ba ta shafe ta ba. Bayinta sai a watan Disamba na 1865 suka samu kansu, da gyara na 13 na tsarin mulki, gyaran da majalisar jihar ta ƙi amincewa da shi a hukumance sai 1976. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin zaman da ake yi. An 'yanta mutum, amma gonar ta tsohon ubangida ce, farashin ƙwadago shi ke yankawa, kotu tasa ce, da dare kuma mahaya masu rufe fuska suna yawo. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkokin jihohin kudu, baƙar fata suka gane cewa an bar su da halinsu. Kansas kuwa tana da suna mai daɗi a kunnensu: jihar da ta shiga tarayya a 1861 ba tare da bauta ba, inda John Brown ya yi faɗa da masu bayi.

A watan Afrilun 1877 aka kafa kamfanin garin Nicodemus. Mutum bakwai ne, shida baƙaƙe, ɗaya Bature. Shugaban shi ne wani limamin coci, W. H. Smith, sakatare kuma wani limamin, Simon Roundtree, wanda shi ya fara tarewa a wurin cikin watan Yuni. Baturen shi ne W. R. Hill, dillalin filaye, wanda a daidai lokacin yake sarar wani garin na Turawa kimanin kilomita 20 yamma, ya kuma laƙaba masa sunansa, Hill City. Sun yi rajistar filin a ofishin gwamnati da ke Kirwin, suka buga takardun talla, suka bi coci-cocin Kentaki suna wa'azin ƙasar alkawari: ƙasa mai albarka, ruwa mai kyau, namun daji, dawakan jeji da kowa zai kama ya hora. Masanin tarihi Kenneth Hamilton, wanda ya yi bincike a kan irin waɗannan garuruwa, ya nuna cewa neman riba na cikin abin da ya haife su, ba neman 'yanci kaɗai ba. Ban ga aibu a faɗin hakan ba. Wanda ya tallata fili yana son kuɗinsa, wanda ya saya yana son kansa, kowa da abin da ya kai shi kasuwa.

Rukuni na farko, 'yan mutane kaɗan daga Topeka, sun iso a watan Yuli. A watan Satumba sai ga ayari babba daga Lexington, mutum 300 da ɗoriya. Jirgin ƙasa ya sauke su a Ellis, tashar da ta fi kusa, daga nan sauran kilomita 55 da wani abu sai a ƙasa, ko a 'yan amalanken da aka samu, ba hanya, ba inuwa. Sun iso kaka ta riga ta wuce, ba lokacin shuka ba ne, guzuri ya kusa ƙarewa, kuɗi sun tafi a tikiti. Da suka ga abin da ake kira gari, iyalai da yawa ba su ko kwance kaya ba suka juya. Ana ba da labarin cewa fushin mutane ya kai sai da aka ɓoye Hill aka fitar da shi a asirce.

Wata mata mai suna Willianna Hickman, matar limami Daniel Hickman, ta zo da ayarin Georgetown a bazarar 1878, kuma ta rayu har ta tsufa ta ba da labarin ranar da bakinta. Ta ce tana kwance ba lafiya a cikin amalanke ta ji maza suna sowa wai ga Nicodemus can. Ta yunƙura ta tashi, ta duba iyakar dubawa, ba ta ga komai ba. Ta tambayi mijinta ina garin yake. Ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga cikin ƙasa nan da can, ya ce shi ke nan. Sai ta fashe da kuka.

Hayaƙin daga ɗakunan rami yake fitowa. Inda babu itace babu kuɗin katako, sai mutum ya sami gefen tudu ko gaɓar rafi ya haƙa ciki kamar faɗin ɗaki guda. Bango uku ƙasar tudun ce. Na gaba kuma da tubalin ciyawa ake yin sa: a sa shebur a yanko fatar ƙasa tare da saiwoyinta, a jera ɗaya bisa ɗaya, ciyawar tana kallon ƙasa. Rufi 'yan sanduna ne daga bakin kogi, a shimfiɗa ƙirare, a ɗora wani tubalin, a huda kafar hayaƙi. Ɗakin yana da ɗumi da hunturu, yana da sanyi da rani, wannan gaskiya ne. Amma idan aka yi ruwa kwana ɗaya a waje, a ciki sai a yi kwana uku ana ɗiga. Ƙuma da ɓeraye abokan zama ne, maciji kan faɗo daga rufi, saniyar maƙwabci kan bi ta kan gida ba ta san gida ba ne. Makamashi kuwa busasshen kashin ɓauna da karan furen rana. A cikin irin wannan ɗaki aka haifi Henry Williams a ƙarshen Oktoban 1877, jaririn farko na garin.

Hunturun farko ya kusa gamawa da su. Wasu maza sun taka zuwa garuruwan da ke bakin layin dogo neman ƙwadago, Roundtree ya bi gabas yana roƙon taimako a coci-coci. Zuriyar garin har yau suna faɗin cewa wasu mafarauta 'yan ƙabilar Osage da suka biyo ta wurin a hanyarsu ta komawa gida sun raba musu nama. Wannan wuri ne da ya kamata a ɗan tsaya. Filin da gwamnati ke rabawa kyauta ba na babu-kowa ba ne. Wurin farautar Cheyenne da Arapaho da Pawnee ne, an kore su da bindiga da yarjejeniyoyin da ba a cika ba, an kuma karkashe ɓaunayen da suke rayuwa a kansu, har ƙasusuwansu suka zama abin da sababbin baƙi a yammacin Kansas ke tsinta su sayar a tasha. A watan Satumban 1878, lokacin da mutanen Nicodemus ke murnar cika shekara, wasu ɗaruruwan Cheyenne ƙarƙashin Dull Knife da Little Wolf suka ratsa yammacin jihar a guje daga sansanin da aka tsare su, suna neman komawa ƙasarsu ta arewa, aka yi zubar da jini a wajen Oberlin, ba nisa sosai. Waɗanda aka zalunta sun sami mafaka a filin da aka ƙwace wa wasu waɗanda aka zalunta. Tarihin Amurka cike yake da irin wannan ƙulli, kuma mai son ya ba da shi tsakani da Allah ba zai tsallake shi ba.

Da bazara ta zo, da yawansu ba su da doki ko sa, da shebur da fartanya suka fasa ƙasar da ba a taɓa nomawa ba. Ayarin da suka biyo baya sun zo da ɗan abin hannu, da dabbobi da garma. Sannu a hankali aka fito daga rami aka koma ɗakin tubalin ciyawa, daga nan aka koma dutse. Yankin yana da wani farin dutse mai ban sha'awa: idan aka fasa shi sabo daga ƙasa yana da taushi har zarto na yanka shi, in ya sha iska sai ya taurare. Da shi Zachariah Fletcher, tsohon soja, ya gina masaukin baƙi na St. Francis a 1881. Shi ne ya fara riƙe gidan waya da kanti, matarsa Jenny kuma ita ta fara koyar da yara, a cikin ɗakin rami. A 1879 suka kafa gundumar makaranta, kuma ita ce ta farko a duk gundumar Graham, ta riga ta Turawa. Mutanen da doka ta hana iyayensu koyon karatu, abin da suka fara nema bayan abinci ke nan.

Siyasa ma ba su yi wasa da ita ba. Edward McCabe, wani matashi mai ilimi haifaffen jihar New York, ya iso a 1878 tare da abokinsa ɗan jarida Abram Hall, suna taimaka wa mutane da rajistar gonaki. Bayan shekara biyu ya zama magatakardan gunduma, a 1882 kuma aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya, aka sake zaɓensa a 1884. A wajen jihohin kudu ba a taɓa ganin baƙar fata a kujera irin wannan ba kafin shi. Daga baya ya koma Oklahoma ya taimaka wajen kafa garin Langston.

Zuwa 1886 da 1887 Nicodemus ya zama gari sosai. Akwai kantuna, da masaukai, da wuraren ajiye dawaki, da maƙera, da kantin magani, da banki, da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise, da ƙungiyar ƙwallon gora da ta masu busa. Turawa 'yan kasuwa ma sun shigo sun buɗe shaguna, abin da ba kasafai ake gani ba a lokacin. Me ya jawo su? Jita-jitar jirgi.

A wancan fili, layin dogo shi ne rai. Manomin da zai ɗora alkama a amalanke ya yi tafiyar kwana biyu kafin ya ga tasha, ribarsa ta ƙare a hanya. Katako, kwal, gishiri, garma, komai sai jirgi ya kawo. Kamfanonin jirgi sun san haka, don haka suka mai da abin gwanjo: garin da ke son layi ya biyo ta kansa sai ya ci bashi da sunan jama'a ya miƙa wa kamfani. A 1887 mutanen Nicodemus suka kaɗa ƙuri'a suka amince da dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific. Farashin filaye ya tashi, jaridun garin suka yi ta kirari, aka shiga gine-gine a kan bashi. Layin Missouri Pacific ya tsaya a Stockton, kimanin kilomita 30 gabas, bai ƙara taku ɗaya ba. Aka sa rai da Santa Fe, shiru. Sai Union Pacific ya taho a 1888, ma'aunansa suka yi ta kai da kawowa, mutane suka ce to, wannan karon kam an dace. Da aka shimfiɗa ƙarfe, sai ya bi ta kudancin kogi, kilomita 10 kacal daga garin. A sansanin leburorin aikin aka yanka sabon gari, aka sa masa Bogue, sunan injiniyan kamfanin. Kafin a ce kwabo 'yan kasuwa sun fara tashi, wasu har da gine-ginensu na katako suka ɗora a kan gungume suka ja zuwa can. Banki ya rufe, jaridu suka mutu. A shekarar nan dai Hill City ya zama hedikwatar gunduma, kuma jirgin ya bi ta ƙofarsa.

An daɗe ana tambaya ko launin fata ne ya sa aka kauce wa garin. Da yawa daga zuriyar sun yi imani da haka, kuma wanda ya san Amurkar 1888 ba zai ce sun yi zargin banza ba. Amma akwai wani lissafin da ba ya bukatar ƙiyayya. Kamfanin da ya bi ta tsohon gari, masu filaye ne za su ci ribar tashin farashi. In ya kauce kaɗan ya kafa nasa garin, shi zai sayar da kowane fegi. Garuruwan Turawa da dama a Kansas sun mutu ta wannan hanya, har babu wanda ke tuna sunansu. Ni dai a ganina bambancin ba a ranar da jirgi ya kauce yake ba, a washegari yake. Baturen da ya yi asara a Nicodemus ya kwashe kayansa ya koma Bogue ko Hill City ya ci gaba da ciniki, kowa ya karɓe shi. Baƙin manomi ba shi da wannan zaɓin cikin sauƙi. Ya san abin da ya baro a Kentaki, ya kuma san cewa takardar da ke cikin akwatinsa ita ce abu na farko da aka taɓa rubutawa da sunansa a matsayin mai shi. Don haka kasuwa ta watse, manoma suka zauna. Wasu har suka sayi gonakin maƙwabtan da suka gaji, suka faɗaɗa. A 1907 suka gina sabon cocin Baptist a kewaye da tsohon, a 1918 suka sake ginin makaranta.

Abin da jirgi ya bari, fari ya zo ya ƙarasa. Lokacin yaƙin duniya na farko alkama ta yi daraja, aka kafce miliyoyin eka na ciyawar da ke riƙe da ƙasar filayen tsakiyar Amurka. Da farashi ya faɗi, tattalin arziki ya durƙushe a 1929, sai ruwa ya ɗauke shekara bayan shekara. Ƙasa ta zama gari, iska ta ɗauke ta. Mata suna jiƙa zannuwa suna rataya a tagogi, suna cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, duk da haka da safe sai a ga shatin kan yaro a kan matashi, kewaye da ƙura. Ana kifa kwanuka a kan tebur har sai an zo zuba abinci. Shanu suna mutuwa da ƙasa a ciki, yara da tsofaffi suna kamuwa da ciwon huhu. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wata baƙar guguwar ƙura ta rufe yankin har rana tsaka ta koma dare. Wanda ya jinginar da gona don sayen iri ko injin, banki ya zo ya karɓe. Maganar Powell ta tabbata bayan shekara hamsin da 'yan kai, kuma waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba su suka biya kuɗin ƙin jin ta. Abin kirki ɗaya da shekarun suka bari shi ne zauren taron garin, wanda aka gama a 1939 ƙarƙashin shirin samar da aiki na gwamnatin Roosevelt, mazan garin suka fasa dutsen suka gina da hannunsu.

Daga nan labarin ya zama na kowane ƙauye a filayen Amurka. Tarakta ta zo, mutum ɗaya yana aikin mutum goma, eka 160 ta zama wasan yara. Matasa suka nufi Denver da Topeka da Kansas City da Kalifoniya. An rufe gidan waya a 1953, makaranta ta biyo baya wajen 1960. Sai dai na baƙar fata ya fi tsanani. A 1920 akwai baƙaƙen manoma sama da 900,000 a Amurka, kusan ɗaya cikin kowane manomi bakwai. Yau ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wani ɓangare na dalilin ya fito fili a shari'ar Pigford, inda a 1999 ma'aikatar gona ta tarayya ta amince ta biya diyya ga baƙaƙen manoman da jami'anta suka riƙa hana wa rance ko ja musu rai har lokacin shuka ya wuce. Wani ɓangaren kuma daga cikin gida ne: tsoho ya rasu bai bar wasiyya ba, gona ta zama ta magada talatin da ke warwatse a birane, ɗaya ya sayar da kasonsa ga baƙo, baƙon ya je kotu ya nemi a yi gwanjon duka. A kewayen Nicodemus ma gonaki da yawa sun fita daga hannun zuriyar, ko da yake akwai iyalan da har yau suke riƙe da filin da kakanninsu suka yi wa rajista.

To me ya hana garin shafewa kamar sauran? Ba gwamnati ba ce, domin ita sai daga baya ta zo. Tun 1878 mutanen suke bikin 'yanci a farkon Agusta, suna tunawa da ranar 1 ga Agusta, 1834, da aka soke bauta a tsibiran Karibiyan da ke ƙarƙashin Ingila. Da mutane suka watse, bikin ya rikiɗe ya zama na komawa gida, ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli, kuma ba a yarda ya mutu ba. Ɗaruruwa ne ke zuwa daga ko'ina cikin ƙasar. A yi jerin gwano, a gasa nama, a yi rawa a zauren dutse, ranar Lahadi a cika coci, a kai yara maƙabarta a nuna musu wane ne wane. Yaron da aka haifa a Los Angeles yana tashi da sanin cewa shi ɗan gidan Williams ne ko Switzer ko Bates, na Nicodemus. Daga cikin irin waɗannan yara ne Angela Bates ta fito, ta dawo ta kafa ƙungiyar tarihin garin, ta bi dangi gida-gida tana tattara hotuna da wasiƙu da labaran tsofaffi, ta yi ta zirga-zirga har majalisar dokoki ta saurara. Ranar 12 ga Nuwamba, 1996, aka mai da Nicodemus wurin tarihi na ƙasa, da gine-gine biyar a ƙarƙashin kulawa: zauren taro, coci biyu, makaranta da masaukin Fletcher. Veryl Switzer, ɗan garin da ya yi suna a ƙwallon Amurka har ya buga wa Green Bay Packers, bai saki gonar gidansu ba, ya kuma kasance cikin waɗanda suka tsaya wa ƙungiyar baƙaƙen manoman Kansas da aka kafa a nan.

Ba na so in yi wa abin kwalliyar da ba tasa ba. Gari mai mutum 14 ba nasara ba ce, kuma biki na kwana uku ba ya maye gurbin makaranta da asibiti da aikin yi. Amma a dubi abubuwan da mutanen nan suka jingina da su. Tallar dillali ta yaudare su, ruwan sama ya yaudare su, kamfanin jirgi ya sa su rawa ya wuce, ma'aikatar da aka kafa don manoma ta juya musu baya. Duk abin da ke hannun wani, wani ya yi yadda ya ga dama da shi. Abin da ya tsaya shi ne abin da ba sai sun nemi izinin kowa ba: takardar da aka adana, sunan da aka koya wa jika, da ranar da aka ce kowa ya dawo. Shi kansa Bogue da ya ci gasar jirgi, yau mutanensa ba su kai 200 ba, kuma layin da aka yi ta kuka a kansa jirgi ya daina bin sa tun kafin ƙarni na 20 ya ƙare.

Mai karatu, idan kai ma kana da ƙauyen da ka baro, kuma akwai sauran tsoho ko tsohuwa da ta san wanda ya sari garin, da inda iyakar gonar gidanku ta tsaya, da wanda ke kwance a wane kabari, kada ka jira sai ranar ta'aziyya. Ka je wannan sallar, ka zauna a gabanta da wayarka ka ɗauki muryarta, sannan ka tambayi a hannun wa takardar gonar take.